Gadar Hanyar Jami'ar Ɗanfodiyo da Ambaliyar 2010: Nazari Kan Gindin Gadojin Sakkwato

A watan Satumba na 2010, ana cikin kwanakin ƙarshe na azumi, gulbin Rima ya cika ya batse, ya yanke hanyar da ta tashi daga birnin Sakkwato zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Gadar da ke kan hanyar, ta wajen Kwalkwalawa, ruwa ya ci ta. Kafin a ankara, jami'a sukutum da ɗalibanta da malamanta da iyalan ma'aikata ta koma tsallaken gulbi, haka ma ƙauyukan yankin Dundaye da ke bin wannan hanya zuwa kasuwa da asibiti. Karatu ya tsaya, aka rufe makaranta. Wanda hayewa ta zame masa dole sai ya shiga jirgin fito ya biya, har zuwa lokacin da injiniyoyin soja suka kafa gadar wucin gadi. Daga baya aka sake gina wurin.

Duk Basakkwacen da ya mallaki hankalinsa a lokacin ya san wannan labari. An yi ta maganar dam ɗin Goronyo, an yi ta maganar yawan ruwan saman da aka samu a daminar. Maganar da ba a cika yi ba ita ce ta gindin gada: me ke ƙarƙashin ginshiƙan da muke hawa kullum, wa ke sauka ya duba, kuma yaushe. Ra'ayina shi ne Allah ya ba mu wata dama da mutanen kudu ba su da irinta, wato dogon rani da ke janye ruwa har gindin ginshiƙai da yawa ya fito fili, mutum ya tsaya da ƙafarsa ya gani da idonsa. Damar nan muna barin ta tana wucewa shekara bayan shekara.

Wurin da abin ya faru

Birnin Sakkwato yana zaune a kan tudu, kusa da inda gulbin Sakkwato ya haɗu da na Rima. Gulbin Sakkwato ya faro daga wajen Funtuwa, ya ratso ta Gusau, ya bi ta madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978. Rima kuwa ruwan Bunsuru da Gagare da gulbin Maraɗi ne ke haɗuwa su yi shi, ya gangaro ta Sabon Birni zuwa madatsar Goronyo, ya wuce Wurno, ya iso bayan birni. An kammala madatsar Goronyo a 1984, tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, kuma tana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta gwamnatin tarayya. Ke nan duk gadar da ke kusa da birni tana zaune ne a ƙasan manyan madatsai, ruwan da ke bi ta ƙarƙashinta kuma ba na saman Sakkwato kaɗai ba ne. Ana iya kwana ba a yi ko yayyafi a birni ba, a wayi gari gulbi ya tashi saboda ruwan da aka yi a Zamfara ko Katsina ko Nijar.

Jami'ar an kafa ta a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, aka mayar mata da sunan Shehu a 1988. Mazauninta na dindindin yana hayin gulbi, tsakaninsa da birni akwai fadama mai faɗi, wadda ake noman shinkafa da albasa da sauran kayan lambu a cikinta. Hanyar da za ta ratsa irin wannan fadama dole a yi mata ciko, a ɗaga ta sama da ƙasar wurin, sannan a bar wa ruwa ƙofofi, wato gada da kwalbatoci. A shekarar da ruwa ya zo daidai, ƙofofin sun isa. A shekarar da gulbi ya bar kwarinsa ya malale fadama gaba ɗaya, cikon hanyar da kansa yakan zama shinge a gaban ruwa, duk abin da ya taru a bayansa ya koma neman mafita ta 'yan ƙofofin nan.

Yadda ruwan ya zo

Daminar 2010 ta yi ƙarfi. Zuwa ƙarshen Agusta madatsar Goronyo ta cika har ta kai matakin haɗari, a farkon Satumba aka buɗe ƙofofinta don a rage mata. Bayan 'yan kwanaki wani sashe na mafitar ruwan ya karye, ruwa mai yawan gaske ya gangaro kwarin Rima. Gonaki da gidaje suka nutse a Goronyo da Wurno da Kware da Wamakko da wasu ƙananan hukumomin, dubban mutane suka yi Sallah a makarantu da sansanoni.

Ba na cikin masu ganin laifin buɗe ƙofar dam idan ya cika. Madatsar Goronyo ta cikon ƙasa ce, in ruwa ya haye kanta ta ɓalle, abin da zai biyo baya ya fi ƙarfin a faɗa. Mai kula da dam ba shi da zaɓi sai ya saki ruwa. Tambayar da ta shafe mu ita ce ko gadojin da ke ƙasansa an gina su, kuma ana kula da su, da sanin cewa irin wannan rana za ta sake zuwa. Za ta zo kuwa, domin yashi da laka suna taruwa a cikin dam kowace shekara, wurin ajiyar ruwa yana raguwa, dam ɗin da cikinsa ya cushe kuma ya fi saurin cika.

Yadda gulbin yashi ke kayar da gada

Mafi yawan mutane in aka ce ruwa ya ci gada, suna ɗauka ruwan ya bugi saman gadar ne ya ture ta. Hakan na faruwa, amma hanyar da ta fi yawa a gulabe irin namu ita ce ta ƙasa. Ruwa mai gudu in ya ci karo da ginshiƙi, wani sashensa yakan nutsa ƙasa ya riƙa juyawa a gindin ginshiƙin, yana kwasar yashi yana gaba da shi. A hankali rami ya buɗe. Gwargwadon ƙarfin gudun ruwa, gwargwadon zurfin ramin. In aka matse gulbi mai faɗin fadama aka ce ya bi ta ƙofa ɗaya, gudunsa yana ƙaruwa sosai, ya ƙwaƙule ƙasan gadar daga gefe zuwa gefe. In rassan itatuwa da kara da ciyawa suka maƙale a jikin ginshiƙai, ƙofar ta ƙara ƙuntata, ramin ya ƙara zurfi. Ranar da ramin ya wuce inda harsashin ginin ya tsaya, ginshiƙi zai karkace ko ya zauna, abin da ke kansa ya biyo shi.

Mugun halin wannan rami shi ne yana ɓuya. Da ruwa ya fara ja baya, gudunsa ya ragu, sai yashi mai laushi ya dawo ya cike ramin. Wanda ya leƙo daga saman gada a watan Nuwamba zai ga yashi shimfiɗe lafiya lau, ya koma ya rubuta cewa babu matsala. Alhali yashin da ya dawo ba ya riƙe komai, da ruwan baɗi ya zo shi zai fara tafiya, ramin ya ɗora daga inda ya tsaya. Saboda haka duban gaskiya sai an sauka, an soka ƙarfe a yashin an ji inda ƙasa mai tauri take, an auna, an rubuta, an kwatanta da na bara.

Wuri na biyu da ruwa ke kamawa shi ne bakin gada, inda cikon hanya ya haɗu da kankare. Sau da yawa gada na tsaye ƙalau, amma ruwa ya zagaya ta bayan katangar da ke riƙe cikon, ya wanke birji, ya bar kwalta a rataye babu komai ƙarƙashinta. Direba na ganin baƙar kwalta a gabansa, ya hau, ta rufta da shi. Alamarsa tun da wuri ita ce tudun da mota ke yin tsalle a kansa duk lokacin da za ta hau gada ko za ta sauka. Direbobin hanyoyinmu sun san wuraren nan ɗaya bayan ɗaya, har sukan rage gudu tun daga nesa. Abin da suka sani bai kai teburin kowa ba.

Sai ɗibar yashi. Gine-gine sun yawaita a birni, tifofi na sauka cikin gulbi da rani suna lodi, kuma wurin da ya fi sauƙin sauka shi ne kusa da gada, tunda nan hanya take. Ramin da aka haƙa a ƙasan gada ba ya tsayawa inda yake. Da damina ruwa na faɗawa cikinsa yana cin bakinsa na sama, ramin ya riƙa tafiya baya har ya iso gindin ginshiƙai. Masu wannan sana'a neman halal suke yi, iyali suke ciyarwa, ba na kiran a hana su. A ware masu wurin ɗiba nesa da gada, a yi masu hanyar sauka can, a sa iyaka da kowa zai gani.

Magidancin da ke da katangar ƙasa ya san ba daga sama take faɗuwa ba. Gindinta ruwa ke ci, shi ya sa kafin damina yake zagayawa ya yi yaɓe, ya gyara indararo, ya buɗe rariya. Gada ma abin da take buƙata ke nan, sai dai ita babu magidancin da ke kwana da tunaninta.

Abin da ke cin ta a sauran watanni

Ko babu ambaliya, gada tana tsufa. Da yawa daga cikin gadojin manyan hanyoyinmu an gina su ne a zamanin Jihar Arewa maso Yamma da tsohuwar Jihar Sakkwato ta 1976, kafin a cire Kebbi a 1991 da Zamfara a 1996. Da yawa daga cikin waɗanda aka gina a wancan zamani sun haura shekara 40, kuma motocin da aka yi lissafinsu a lokacin ba su kai na yau nauyi ko yawa ba.

Zafin Sakkwato kansa aiki yake wa gada. Kankare da ƙarfe suna buɗewa da zafi, su tsuke da sanyi. Tsakanin asubahin hunturu da tsakar ranar Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, gada mai tsawon mita 100 tana iya miƙewa da kusan santimita 3. Shi ya sa ake barin tsaga tsakanin sassanta, ake kuma ɗora su a kan matasai na roba ko na ƙarfe a saman ginshiƙi, don su samu wurin motsi. Ƙurar hunturu da yashi da tsakuwa suna cika tsagar nan. Wani lokaci ma masu facin hanya ne ke zuwa su shafe ta da kwalta don mota ta daina tsalle. In sassan suka rasa wurin motsi sai su riƙa tura juna, bakinsu ya farfashe, ruwan sama ya samu hanyar gangarawa kan matasan da kan ginshiƙai.

Ruwan da ya shiga kankare yana isa ga rodi. Rodi in ya yi tsatsa yakan kumbura ya ninka kaurinsa, ya tsaga kankaren da ke rufe da shi daga ciki, ɓawon ya ɓare ya faɗi. Duk wanda ya shiga ƙarƙashin tsohuwar gada ya ga jan zane yana gangarowa a jikin siminti, ko rodi a waje tsirara, abin da ya gani ke nan. Farkon wannan ɓarna sau da yawa ƙaramin abu ne: 'yan ramukan zubar ruwa na gefen gada sun toshe da ƙasa da leda, ruwa ya kwanta a kan gada kwana da kwanaki. Aikin lebura biyu ne da shebur.

Ga kuma nauyi. Babbar hanyar tarayya da ta taso daga Legas ta biyo ta Jega da Tambuwal, ta ratsa Sakkwato zuwa Illela da iyakar Birnin Ƙonni, tana ɗaukar tireloli na siminti daga Kalambaina, da na albasa, da na shanu, da tankokin mai. Ƙa'idar ƙasashen Afirka ta Yamma ta kayyade tan 11.5 a kan aksul guda mai jan mota, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da na dama. Gwaje-gwajen hanya sun nuna tun da daɗewa cewa in aka ninka nauyin da ke kan aksul, ɓarnar da yake wa kwalta ba ninki biyu take yi ba, tana kai wa kusan ninki 16. Gada kuma kowace wucewar mota mai lodi fiye da kima tana ƙara buɗe tsagogin da ke jikinta. Ba tare da sikelin awon manyan motoci mai aiki ba, ƙa'idar tana kan takarda kawai.

Gadar wa ce?

A nan lamarin 2010 ya fi koyar da mu. Jami'ar ta tarayya ce. Dam ɗin na wata hukumar tarayya ce ta daban, a ƙarƙashin ma'aikatar ruwa. Mutanen da hanyar ta yanke wa 'yan jiha ne, a ƙaramar hukumar Wamakko. Agaji aikin hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ne da takwararta ta jiha. Gadar wucin gadi soja suka kafa. Kowa ya taɓuka abin da ya taɓuka bayan abin ya faru. Kafin ya faru fa, aikin wa ne ya sauka ƙarƙashin gada da rani?

Hanyoyin Nijeriya kashi uku ne: na tarayya, na jiha, na ƙaramar hukuma. Na tarayya suna hannun Ma'aikatar Ayyuka da hukumar gyaran hanyoyi ta FERMA da aka kafa a 2002. Ruwa bai san wannan rabo ba. Gulbi ɗaya ne ke bi ta ƙarƙashin gadar tarayya da safe, ya isa ta jiha da rana, ya kwana a kwalbatin ƙaramar hukuma. Gadojin ƙauye kuwa, waɗanda wani shiri na raya karkara ya gina ya nannaɗe tabarmarsa, su ne marayun gaske.

Wasu ƙasashen ma sai da suka yi rashi suka gyara. A Amurka wata gada a kan kogin Ohayo ta rufta a Disamban 1967, mutum 46 suka mutu, daga nan aka kafa ƙa'ida a 1971 cewa kowace gadar babbar hanya a duba ta aƙalla sau ɗaya a shekara biyu, a rubuta sakamakon. A 1987 gadar Schoharie ta faɗi da mutum 10 saboda ruwa ya ƙwaƙule gindin ginshiƙinta, aka ƙara tsananta duban abin da ke ƙarƙashin ruwa. Su sai sun ɗauko masu nutso da na'urori kafin su ga gindin ginshiƙi. Mu a wurare da yawa rani ke yi mana wannan aiki kyauta.

Asarar da ba a sa wa a lissafi

In gada ta faɗi, kuɗin sake gina ta ake faɗa a rediyo. Ba a lissafa zangon karatun da ya salwanta, ko albasa da tumatir da suka ruɓe a hayi, ko kuɗin kabu-kabu da ya ninka saboda zagaye, ko mai naƙudar da aka tsaya da ita bakin gulbi da dare ana jiran jirgi. Kuma rashin gada yana mayar da mutane cikin jirgin fito a lokacin da gulbi ya fi haɗari. Mun san abin da hakan ke jawowa. A Afrilun 2022 jirgi ya kife a Gidan Magana ta ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu, akasarinsu yara da matasa. A Agustan 2025 wani ya kife da masu zuwa kasuwar Goronyo. Allah ya jiƙansu da rahama. Duk gadar da muka bari ta faɗi, mun ƙara mashigi guda ke nan da za a riƙa cika jirgi da mutane da babura da buhuna.

Aikin rani

Abin farko shi ne rajista. Jiha mai ƙananan hukumomi 23 tana iya ƙidaya gadojinta da manyan kwalbatocinta cikin rani ɗaya, ko na wane ne: sunan wuri, shekarar gini, tsawo, irin harsashi in an sani, da hotuna ta sama da ta ƙasa. A cikin jihar akwai masu koyar da aikin injiniya da ɗalibansu, wannan aiki ne da za su iya yi tare da injiniyoyin ma'aikatar ayyuka. A buga rajistar inda kowa zai gani, domin gadar da aka rubuta cewa tana cikin haɗari da wuya a ce ba a sani ba.

Duban ya fara daga gadojin da ke ƙasan Goronyo da Bakolori, da waɗanda su kaɗai ne hanyar shiga wani yanki. A jikin kowane ginshiƙi a zana ma'auni da fenti, wanda zai nuna tsayin ruwa da damina da matakin yashi da rani. A nan nake ganin ya kamata a jawo Sarkin Ruwa da masunta da masu fito cikin aikin. Su suka san inda gulbi ya sauya hanya, da inda zurfi ya ƙaru, da ginshiƙin da ruwa ya fi juyawa a gindinsa. Su gaya wa hakimi, hakimi ya san lambar injiniyan da zai kira.

Gyaran da yawanci za a tarar ba mai tsada ba ne: a jibge manyan duwatsu a gindin ginshiƙai, a ɗaure bakin ciko da kejin waya cike da dutse, a yashe tsagogi da ramukan zubar ruwa, a kankare tsatsa a rufe rodi, a sauya matasan da suka mutu, a janye itatuwan da suka maƙale. Inda hanya ta ratsa fadama mai faɗi, a ƙara mata ƙofofin ruwa, ko da hakan na nufin a yanka ciko a sa sabbin kwalbatoci. Kuma a yi yarjejeniya a rubuce tsakanin masu kula da dam da masu kula da hanya: in za a saki ruwa mai yawa, a sanar tun da sauran lokaci, a sa mutum a kan kowace gada mai rauni, da ikon rufe ta in ruwa ya kai jan layi. Hukumar kula da ruwa ta ƙasa tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina, wannan hasashe ya kamata ya zama ranar fara sintiri.

Wurin da irin wannan shiri ke yawan mutuwa shi ne lokacin sakin kuɗi. Duba yana yiwuwa ne daga Janairu zuwa Fabrairu, gyaran gindi daga Maris zuwa Mayu, kafin ruwan farko. Kasafin kuɗi kuwa in ya bi hanyarsa ta yau da kullum, kafin a tallata kwangila, a tantance, a biya kuɗin somin aiki, marka ta kama, ɗan kwangila ya iso ya tarar da gulbi cike, a ɗage sai baɗi. Saboda haka kuɗin gyaran gadoji yana buƙatar asusu na kansa da ba ya ƙarewa da ƙarshen shekara, a riƙa zuba masa wani kaso na kuɗin kula da muhalli da jiha ke karɓa, a kuma riƙe ƙaramar ƙungiyar ma'aikata ta dindindin, da tifa da motar haƙa, waɗanda za su sauka gulbi da zarar ruwa ya janye ba tare da jiran wata sabuwar kwangila ba.